Zille ko zilele: da wace siga masu Aramiyanci ke jan zaren tatsuniya?

Malam Habu: Assalamu alaikum jama'a. Jiya da dare ina duba takardun ɗalibai na ci karo da wata yarinya da ta rubuta tatsuniya tun daga farko har ƙarshe da "sun": sun tafi daji, sun ga kura, sun gudu, sun hau bishiya. Ba ta karya ƙa'idar nahawu ko ɗaya ba, amma kunne ya ƙi karɓa, sai ka ce kanun labaran rediyo. Na bi na mayar mata da su "suka". Abin ya tuna mini da maganar da Dakta ya taɓo kwanaki, cewa masu Aramiyancin zamani su ma suna da sigar aikatau da suke ware wa labari. Dakta, in kana kusa a ƙara mana haske.

Ɗan Sakkwato: Wa alaikumus salam. Tsaya tukuna Malam, Aramiyanci kuma? Ba harshen da ake cewa Annabi Isa ya yi magana da shi ba ne? Ni na ɗauka ya daɗe da shiga kabari.

Dakta Lawal: Yana nan da ransa, ko da yake yana jin jiki. Kuma ba harshe ɗaya ba ne yanzu, reshe huɗu ake kasa shi. Na yamma yana tsaunukan Ƙalamun a Siriya, a Ma'alula da Jubba'adin, da Bakha'a wadda yaƙi ya tarwatsa. Na tsakiya shi ne Turoyo, na yankin Tur Abdin a kudu maso gabashin Turkiyya. Sai na Mandiyawa a Ahwaz ta Iran, wanda masu jin sa sun yi ƙaranci ƙwarai. Babban reshen shi ne na arewa maso gabas, karin harshe wajen 150 na Kiristoci da Yahudawa a arewacin Iraƙi da kudu maso gabashin Turkiyya da arewa maso yammacin Iran. A gari ɗaya kamar Urmiya za ka tarar karin Kirista daban, na Bayahude daban.

Kafin mu je ga labari sai an fahimci abin da ya sami aikatau ɗin. Wanda ya yi Larabci ya san fi'ili madi da mudari'i, kataba da yaktubu. Tsohon Aramiyanci yana da irinsu. To a Turoyo da reshen arewa maso gabas duka biyun sun ɓace. Sai harshen ya sake gina lokutansa a kan ismul fa'ili da ismul maf'uli. Zan rubuta misalan da saukin harufa don kowa ya iya karantawa. Daga tushen g-r-sh, wato ja, ana samun garish, mai ja, shi ya zama lokaci mai ci da mai zuwa. Ana samun grish, abin da aka ja, shi ya zama shuɗaɗɗe, amma sai an liƙa masa l- da wakilin suna: grishli na ja, grishle ya ja, grishla ta ja.

Ustaz Nafi'u: Allah ya gafarta Malam, wannan li ɗin ai ita ce lī ta Larabci, "gare ni". Kuma grish ma'auninsa fa'īl ne, kamar ƙatīl da jarīh. Ashe ke nan grishli ba "na ja" ba ce, "an ja gare ni" ce. Mabniyyun lil majhuli ne tsantsa, wato aikatau da ba a ambaci mai aikatawa ba. Yaya za a ce mutane suna ba da labari gaba ɗaya da majhuli?

Dakta Lawal: Asalin ka gano shi daidai, Ustaz, amma hukuncin ne ban yarda da shi ba. Ginin tsoho ne. Akwai shmi' li, "na ji", a Suryaniyanci, wato tsohon Aramiyancin Kiristoci, da Talmud na Babila, littafin malaman Yahudawa, har ma a wasiƙun Arshama, gwamnan Farisa a Masar, na ƙarni na 5 kafin haihuwar Annabi Isa. Masana da dama suna danganta shi da tsohon Farisanci, inda Sarki Dariyus na Farisa ya ce manā kartam a rubutun dutsen Behistun, "abin da na aikata", a zahiri "aikatacce gare ni". Amma yau mutumin Zakho ta arewacin Iraƙi in ya ce zille, "ya tafi", ko qimle, "ya tashi", wane majhuli ya rage a ciki? Ba a yi wa tafiya majhuli irin wannan. Da sigar ta bazu har kan aikatau ƙi-karɓau, wato wanda aikinsa ba ya faɗa wa wani abu, irin su tafi da tashi, ta gama zama shuɗaɗɗen lokaci kawai.

Sai dai tsohon ginin ya bar tabo, kuma tabon yana rikita mai koyo. Dubi waɗannan biyun: garshale da grishale. Ɗafa-ƙeyarsu iri ɗaya, -a da -le. Na farko "tana jan sa" ne. Na biyu "ya ja ta". A lokaci mai ci -a ce mai aikatawa, a shuɗaɗɗe -le ne mai aikatawa. Wasali ɗaya a tsakiyar kalma shi ke gaya maka wa ya ja wa.

Sadiya: Kai! Wannan in a jarrabawa ne an gama da mutum.

Ustaz Nafi'u: To ni dai ina nan a kan cewa na Ma'alula shi ne ya riƙe gadon gidan. Lokacin da nake karatu a Dimashƙa, kafin yaƙi, mun taɓa zuwa garin, tafiyar kusan awa ɗaya ce a mota. Gidaje a maƙale jikin dutse. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne mutanen Jubba'adin da ke kusa Musulmi ne kuma harshen suke yi a gida. Su har yanzu madi da mudari'insu suna nan: idhmekh ya yi barci, dhimkhath ta yi barci, yidhmukh ya yi barci na umarni ko buri. Mai Larabci yana ji zai ga dangi. Waɗancan na gabas kuwa Kurdanci da Farisanci sun canza musu kama. Kuma kada a manta, an ruwaito cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarci Zaidu ɗan Sabitu ya koyi Suryaniyanci, saboda haka harshen ba baƙo ba ne a wurinmu.

Hajiya Uwani: Madalla da wannan tunatarwa Ustaz. Amma don Allah kada a shiga gardamar wane ne na asali wane ne gurɓatacce, mun sha ta a kan Kananci da Sakkwatanci har aka yi fushi. Malam Habu tatsuniya ya tambaya, har yanzu ba a ba shi amsa ba.

Dakta Lawal: Gaskiya ne Hajiya, na yi nisa. To ga yadda mai tatsuniya yake raba aikin. Yana buɗewa da ithwa lithwa, "akwai, babu", wato gatanan gatananku tasu. A Barwar, wani yanki na tsaunuka a arewacin Iraƙi kusa da iyakar Turkiyya, sukan ƙara da cewa babu wanda ya fi Allah girma. Maƙwabtansu duka suna da irinta: Kurdawa hebû nebû, Farisawa yeki bud yeki nabud, Turkawa bir varmış bir yokmuş, Larabawa kān yā mā kān. Wannan -wa ta ƙarshen ithwa ita ce mabuɗin shimfiɗa. Ragowar tsohon aikatau hwa ce, wato kāna ta Larabci. In aka liƙa ta a garish aka ce garishwa, ma'ana ta koma "yakan ja a da" ko "yana ja a lokacin". Da ita ake shimfiɗa fage: akwai wani sarki, yana da 'ya'ya uku, kullum yakan fita farauta. Babu abin da ya faru tukuna.

Da zarar abu ya faru sai a koma grishle. Qimle, zille, khzele, mirre: ya tashi, ya tafi, ya gani, ya ce. Su ne ƙashin bayan labari, ɗaya na bin ɗaya. Nan ne ya yi kama da "suka" ɗinka, Malam Habu.

Malam Habu: Wannan qimle ta ja hankalina. Tashi na gaske ne, ko irin namu na "sai ya tashi ya auri wata"?

Dakta Lawal: Irin namu ne sak. Sau da yawa mutumin ba zaune yake ba balle ya miƙe. Alama ce cewa sabon mataki ya fara a labarin. Larabcin kasuwa ma yana yi da ƙām.

Akwai kuma siga ta uku da ke shiga jerin, qam-garishle. Gininta na lokaci mai ci ne amma ɗafa-goshin qam- ko kim- yana mayar da ita shuɗaɗɗiya, kuma ba ta zuwa sai da wakilin suna na karɓau, wato wanda aikin ya faɗa wa. Dalili shi ne a kare-kare da yawa grishle ba ta iya ɗaukar "ni" ko "kai" a matsayin karɓau. Za ka iya cewa "ya gan ta" da ita, amma "ya gan ni" sai ka ce qam-khazeli. Saboda haka a tatsuniyar Zakho ko Alƙosh za ka ji sigogin biyu suna karɓa-karɓa a jeri ɗaya, lokacinsu ɗaya, abin da ya raba su karɓau ne kawai.

Ɗan Sakkwato: Mu dai a wajenmu munka, sunka, yat tafi, tac ce. Duk wanda bai ji tatsuniya da sunka ba bai ji tatsuniya ba. Amma Dakta, har yanzu ban ga abin mamaki ba. Kowane harshe yana da shimfiɗa yana da jeri.

Dakta Lawal: To ga inda abin yake. Geoffrey Khan na Jami'ar Kambirij ya fitar da nahawun karin Barwar a 2008, mujalladi uku, na ukun cike da labaran da ya naɗa daga bakin tsofaffi. A cikin tatsuniyoyin nan, sau da yawa ba zille ke jan labarin ba, zilele ce. Ba qimle ba, qimele. Wannan siga a hirar yau da kullum aikinta nuna halin da ake ciki bayan aiki ya auku: zilele, ya riga ya tafi, ba ya nan. Kusan "sun" ɗinmu ke nan. Wato mai tatsuniyar Barwar yana yin abin da ɗalibar Malam Habu ta yi aka ja mata jan biro, kuma a wurinsu shi ne daidai.

Bayanin da Khan ya kawo shi ne sigar tana da aiki na biyu, nuna cewa mai magana bai ga abin da idonsa ba, labari ya samu ko alama ya gani. Turkanci ya fi kowa fito da wannan fili: gitti ya tafi na sani, gitmiş ashe ya tafi ko an ce ya tafi, kuma da -miş suke tatsuniya. Farisanci da Kurdanci ma suna da makamancin haka. A karin Yahudawan Sanandaj ta Iran ma ana ba da labarin zamanin da mutum bai riska ba da irin wannan siga. A taƙaice, "wai" ɗinmu ce aka narkar a cikin aikatau.

Maryam: Sannunku da hira, yanzu na taso daga aiki na karanta daga sama. Yaya Dakta, ina da ja a kan wannan "wai". In har zilele na nufin ban gani ba, to ai duk tatsuniyar ba a gani ba. Ya kamata ke nan a riƙe ta daga ithwa har ƙurunƙus. Shin haka abin yake a rubutun, ko mai labarin yana sauka ya koma zille?

Dakta Lawal: Yana komawa. Musamman wajen "ya ce", sigar grishle ce ta fi yawa ko a tsakiyar jerin zilele.

Maryam: To ka gani. Ai ba zai yiwu a ce bai ga tafiyar sarki ba amma ya ji maganarsa da kunnensa. Ni a ganina ko da asalin abin daga "ban gani ba" ya taso, ya riga ya zama rigar tatsuniya kawai. Kamar mu, in kaka ta ce "wai wani sarki ne", sau ɗaya take faɗa, ba wanda ke tunanin tana kare kanta daga ƙarya. Murya ce ta labari. Mai sauraro na jin ta ya san an bar duniyar nan an shiga wata.

Ustaz Nafi'u: Ina bayan Maryam a nan. Ruwiya da ƙīla, wato "an ruwaito" da "an ce", a wajen malaman hadisi suna da hukunci, suna nuna rauni. Amma in mai ƙissa ya ce yuhkā anna, "ana ba da labari cewa", ba hukunci yake yankewa ba, buɗe ƙofa yake yi.

Dakta Lawal: Ban ƙi taku gaba ɗaya ba, amma kada ku yar da jariri garin zubar da ruwan wanka.

Hajiya Uwani: Dakta wannan karin maganar ba tamu ba ce, daga ina ka kwaso ta?

Dakta Lawal: Tuba nake Hajiya, zama da littattafan Turawa ne. Abin da nake nufi, kada garin gyaran gira a rasa ido. Gwajin da ya dace shi ne a saurari mutum ɗaya yana ba da labari iri biyu. In tsoho ya ba da labarin abin da ya same shi da kansa, yadda aka tashe su daga ƙauye ko yadda suka tsallaka iyaka, sigar grishle ce gidansa. In ya koma labarin sarki da 'ya'yansa uku sai zilele ta yi yawa. Wannan bambancin ba ado ba ne, yana bin layin abin da aka shaida da wanda aka gada a baki. Na yarda cewa a cikin tatsuniyar kanta ba kowace zilele ke ɗauke da "ban gani ba" sabuwa fil ba. Amma dalilin da ya sa ita aka zaɓa ta zama rigar, ba wata ba, shi ne wannan ma'anar.

Maryam: Wannan na karɓa rabi. Bari in kawo nawa abin da na ji da kunnena. A nan Jamus maƙwabciyata tsohuwa ce daga wani ƙauye kusa da Midyat a Tur Abdin, suna kiran harshensu Surayt, shi ne Turoyo ɗin da aka ambata. Suna da yawa a nan da Suwidin, musamman Södertälje. Nakan zauna wurinta in tana yi wa jikokinta labari, tun ba na gane komai har na fara tsintar kalmomi. Tana farawa da kitwo, "akwai", ka ga -wa ɗinku ta zama -wo. Abin da na fara riƙewa shi ne omir. Omir, omir, omir, kamar bugun turmi. Na tambayi 'yarta ta ce ma'anarsa "yana cewa", ba "ya ce" ba, "ya ce" mirle ne. Wato labarin yana can a da, amma da an zo magana sai a jawo ta yanzu.

Na biyu, su ba kowane aikatau ke ɗaukar -le ba. Grishle ya ja, amma damikh ya yi barci, damikho ta yi barci, qayim ya tashi, athi ya zo. Na daɗe ina cewa damikhle tana yi mini dariya.

Dakta Lawal: Kin kawo abu mai kyau ƙanwata. Turoyo ya raba so-karɓau da yawancin ƙi-karɓau a shuɗaɗɗen lokaci. Yahudawan Sulaimaniyya da Sanandaj ma haka, grishle amma qim, qima. Kurdancin Kurmanji da ke kewaye da Tur Abdin yana da irin wannan rabo. Ustaz zai ce ga shaidarsa, matakin da ya fi kusa da tsohon ginin ke nan, kafin -le ta mamaye ko'ina. Otto Jastrow ya yi nahawun karin ƙauyen Midin tun 1967, kuma shi ne ya rubuta na Mlahso, ɗan'uwan Turoyo, wanda mai jin sa na ƙarshe da aka sani ya rasu a 1998.

Batun jawo labari yanzu kuwa, Kiristocin Urmiya ma suna yin sa sosai. "Ya tafi" a wurinsu khishle ne, amma mai tatsuniya yakan ja dogon zango da birrikhshele, bitayele, marele: yana tafiya, yana zuwa, yana cewa. Kuma ba shimfiɗa yake yi ba, jerin aukuwar ne kansa.

Malam Habu: Nan kam mun rabu da su. Mu "yana" ba ta iya ɗaukar labari ita kaɗai. "Yana zuwa sai ya tarar da kura", dole "sai ya" ta zo ta sauke kayan. In yaro ya rubuta mini yana tafiya, yana ganin kura, yana gudu, zan ce har yanzu ba a fara ba.

Sadiya: Tambaya daga ƙaramar ɗaliba. Tunda Hausa da Aramiyanci duk 'yan gidan Afro-Asiya ne, ba za a ce gado ɗaya ba ne wannan rabon na "sun" da "suka"?

Dakta Lawal: A'a Sadiya, kada ki rubuta haka a takarda. Dangantakar gaskiya ce amma mai nisa ce ƙwarai, mu reshen Chadi, su reshen Samiyawa. Kuma sigogin da muke magana a kansu, grishle da zilele da birrikhshele, duk an ƙera su ne a cikin tarihin Aramiyanci kansa, ana iya bin sawunsu a rubuce. Kamar da kike gani ta buƙata ce: duk mai ba da labari sai ya nuna wa mai sauraro wanne ne fage, wanne ne mataki na gaba. Ibrananci na Attaura ma yana da sigarsa ta jeri, wayyomer, wayyelekh, sai ya ce, sai ya tafi, kuma ba daga nan zille ta fito ba.

Ɗan Sakkwato: To jikokin tsohuwar nan, Maryam, suna yi da omir ɗin?

Maryam: Suna ji, amma in suka buɗe baki rabi Jamusanci ne. Babbar tana iya gaisuwa da hirar kicin da addu'ar coci. Na taɓa ce mata ta maimaita mini labarin da kakarta ta gama yanzun nan, ta yi jimla uku ta tsaya, ta ce ita ta san abin da ya faru amma ba ta san yadda ake faɗin sa ba. Kalmomin tana da su. Inda za ta sauya daga kitwo zuwa qayim, da inda za ta saki omir, shi ne ya ɓace mata.

Dakta Lawal: Shi ya sa naɗar dogon labari ta fi jerin kalmomi daraja a wannan aiki. Yawancin kare-karen nan an naɗe su ne nesa da garuruwansu. Kisan 1915 da suke kira Sayfo ya kwashe mutanen Hakkari da na Tur Abdin da dama. Yahudawan Kurdistan ta Iraƙi sun koma Isra'ila a 1950 da 1951. An rushe ƙauyukan Barwar a shekarun 1970 da 1980. Ƙaraƙosh ta arewacin Iraƙi, wadda Khan ya yi nahawun karinta a 2002, mutanenta sun gudu a Agustan 2014 da 'yan ISIS suka shigo. Mai bincike sai ya bi tsoho har Chicago ko Detroit ko Urushalima ya zaunar da shi ya ce ba ni tatsuniya. Tambayar "yaya ake cewa ya tafi" ba za ta taɓa fito da zilele ta labari ba, zille za a ba ka a wuce.

Ustaz Nafi'u: Har yanzu dai ban sauka daga kan Ma'alula ba, amma na yarda grishli ba majhuli ba ce a yau. Maryam, in kin koma wurin tsohuwar ki tambaye ta da me suke rufe tatsuniya, mu ji ko akwai kan kusu a ciki.

Maryam: Ranar Lahadi suke taruwa bayan coci, zan tambaya. Amma sai na kai mata dambun nama, ta ce ba ta ƙara ba ni labari kyauta.

Malam Habu: Ni kuma gobe zan mayar wa yarinyar nan makinta biyu daga cikin biyar da na cire. Sauran ukun suna nan, don ba a Barwar take ba.